Bashin da baƙunta ta ja mini a gidan hukuma a Amurka

Duk ɗan'uwan da ya kira ni yana tambayar yadda ake samun gidan hukuma a nan Amurka, wato gidan haya mai rangwame da hukumar gidaje ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi, kafin in faɗa masa komai sai na tambaye shi ko yana sa ran baƙo daga gida. Samun gidan bai ba ni wata wahala ba. Baƙo ne ya kusa raba ni da shi, kuma baƙon ɗan wana ne, yaro natsattse wanda ban taɓa jin kansa da kowa ba.

Garinmu ƙarami ne a tsakiyar ƙasar, irin garuruwan nan da kamfanin sarrafa naman shanu guda ɗaya ke riƙe da cikin rabin jama'arsu. A can nake aiki. Hukumar gidajen garin ma'aikatanta uku ne kacal: darakta, da wata mata mai karɓar haya da ajiye fayil, da mai gyara, wanda shi ne mai famfo, shi ne mai wuta, shi ne kuma mai kwashe dusar ƙanƙara da asuba. Gidajen ba irin dogayen benayen Shikago da ake nunawa a talabijin ba ne. Ƙananan gidajen jan bulo ne, biyu-biyu manne da juna, kowanne da 'yar ciyawa a ƙofa, kuma yawancin maƙwabtana tsofaffin Turawa ne 'yan asalin garin da ke rayuwa da kuɗin fansho. Na cike takarda, na nuna katin zama na dindindin da takardun albashi, muka jira layi, aka kira mu. Shi ke nan.

Abin da ya sa gidan ya zama rahama shi ne yadda ake yanke haya. Ba girman gida ake dubawa ba, aljihunka ake dubawa. Tun 1969 Sanata Edward Brooke na jihar Massachusetts ya sa aka yi dokar cewa kada hayar gidan hukuma ta wuce kashi 25 cikin ɗari na abin da iyali ke samu, a 1981 aka ɗaga ta zuwa kashi 30. A ce iyali na samun dala 30,000 a shekara kuma suna da yara uku. Lokacin da na shiga, ana cire dala 480 a kan kowane yaro, saura 28,560. A raba wata goma sha biyu, a ɗauki kashi 30, haya ta kama dala 714. Idan kai ke biyan wuta da gas, a sake rage maka wani abu. Aiki ya tsaya, ka kai takarda, haya ta sauka. Ga mai iyali a garin da sanyi ke cinye albashi, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

Sai dai kalmar “iyali” a wannan lissafi tana nufin duk wanda ke zaune a gidan, kuma kuɗin kowane baligi ana haɗa shi cikin lissafin. A nan aka same ni.

Yaya ya kira ni daga Maraɗi ya ce yaron ya ci bizar caca, wadda Amurka ke bayarwa ta hanyar ƙuri'a, zai taso, kuma ba shi da kowa a ƙasar sai ni. Me zan ce? Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Na je filin jirgi na ɗauko shi, uwargida ta shimfiɗa masa katifa a falo, na kai shi kamfaninmu aka ɗauke shi aiki. Da zai yi lasisin tuƙi, da zai buɗe asusun banki, da kamfani ya nemi inda za a aika masa takardu, duk adireshin gidana ya bayar, don ba shi da wani. Ba ɓoye shi muka yi ba. Da rana tsaka yake fita yana gaida tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, har shebur yake ɗauka ya share mata ƙanƙarar ƙofa.

Wata rana mai gyara ya zo duba na'urar da ke kuka idan ta ji hayaƙi. Ya hau tsani a falo, ya sauya batir, ya sauko. Na lura idonsa ya tsaya a kan katifar da aka jingine a bango, ya koma kan takalman roba dogaye na kamfanin nama, ƙafa biyu a bakin ƙofa, nawa da na yaron. Bai ce uffan ba, ya sha shayin da aka ba shi ya tafi. Bayan ɗan lokaci wasiƙa ta zo, wai akwai mutumin da ba shi cikin yarjejeniya yana zaune a gidana, in zo ofis mu tattauna, kuma wannan na iya zama dalilin soke yarjejeniyar haya.

Yarjejeniyarmu ta ce baƙo ba zai wuce kwana 14 a shekara ba sai da izinin ofis a rubuce. Kowace hukuma da adadin da ta ɗora, amma da wuya ka sami wadda ba ta da irin wannan sharaɗi. Kwana 14! A wurinmu a kwana 14 baƙo ko gajiyar hanya bai gama saukewa ba. Da wane baki zan dubi ɗan wana in ce masa kwanakinka sun cika? Har gobe idan na tuna sai raina ya sosu, don an ɗauki abin da iyayenmu suka hore mu a kai an sa shi a layin laifi, layi ɗaya da mai ba da hayar ɗaki a ɓoye.

A ofis darakta ta ajiye fayil ɗina a kan tebur, ta juyo mini da shafin da na sa hannu, ta ɗora yatsa a kan layin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tunda yaron yana kwana a gidan, wasiƙunsa na zuwa gidan, lasisinsa na ɗauke da adireshin gidan, to a idon doka ba baƙo ba ne, ɗan gida ne. Ɗan gida kuwa albashinsa na shiga lissafin haya. Mai fayil ta danna kalkuleta, ta haɗa albashinsa da nawa, ta koma baya tun watan da ya fara aiki. Hayar da ya kamata in riƙa biya ta kusa ninkawa, kuma bambancin duk watannin nan ya zama bashi a kaina. Da ta rubuta jimillar a takarda ta miƙo mini, sai da na nemi ruwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai daga baya na ji shi. Da tun farko an cike takarda guda an nemi a sa yaron cikin yarjejeniya, da sun bincike shi kamar yadda suka bincike ni, kuma yana da takardun zama. Ƙari a kan haka, a dokar lokacin, ɗan gida mai shekara 18 ko fiye da ke karatu cikakken lokaci, in dai ba shi ne maigida ko matar gida ba, dala 480 kawai ake lissafawa cikin duk abin da ya samu a shekara. Yaron kuwa dama niyyarsa ke nan ya shiga kwalejin da ke garin kusa da mu, mu ne ma muka ce ya fara tara kuɗi tukuna. Takarda guda da rajistar makaranta, da bashin nan bai taɓa wanzuwa ba. Mutanenmu da suka riga ni zama a irin gidajen nan ba wanda ya taɓa faɗa mini. Ana hira a kan farashin rago da kuɗin tikiti, amma wannan ba a yi.

Ba a kore mu ba. Mai hayar gidan hukuma yana da haƙƙin a zauna da shi a saurare shi, in bai gamsu ba ya nemi zama na biyu a gaban wanda ba shi ne ya yanke hukuncin farko ba. Ni ban kai ga na biyu ba. Na faɗi gaskiyar yadda abin ya faru, tsohuwar maƙwabciyata kuma, Allah ya saka mata, ta rubuta wasiƙa da hannunta cewa ba ɓoye yaron aka yi ba. Aka yi mini yarjejeniyar biya a hankali. Shawarar ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ita ce haya da biyan bashi idan an haɗa kada su wuce kashi 40 na kuɗin wata, kuma a kan haka suka tsaya. Yaron ya ce, “Baffa, ni na ja maka, ni zan biya.” Na ce masa ba a yi haka ba, a gidana yake. Ƙarshe dai raba shi muka yi. Kuɗin da na tara don in kai iyali gida su ga tsohuwa, nan ya tafi.

Haushin nan ne ya sa na fara zuwa zaman kwamishinonin hukumar, wanda ake yi wata-wata kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Mutum biyar ne da magajin gari ya naɗa, ba a biyansu ko sisi. A can na gane cewa gidajen ba na gwamnatin tarayya da ke Washinton ba ne, na hukumar garin ne, kamar yadda dokar gidaje ta 1937 ta tsara, kuma irin waɗannan hukumomi sun haura dubu uku a ƙasar, akasarinsu ƙanana kamar tamu. Kuɗinsu hanya uku yake shigowa: hayar da muke biya, tallafin HUD na gudanarwa, da wani asusun daban na manyan gyare-gyare irin su rufi da tukunyar ɗumama gida. Na zauna na ji ana gardama a kan ko a sauya rufin gidaje huɗu bana ko a sauya tagogin ɓangaren tsofaffi, don kuɗin ba zai yi duka biyun ba. Na kuma ji abin da ban sani ba, cewa wata dokar 1998 ta hana hukuma ƙara yawan gidajen da tarayya ke tallafa wa fiye da adadin da take da shi a ranar 1 ga Oktoban 1999. Gari na iya cika da baƙi, kamfani na iya ƙara ma'aikata, amma gidajen hukuma suna nan yadda suke. Shi ya sa suke tsananta lissafin wanda ke ciki. Su ma HUD na bincikar fayil ɗinsu, akwai ma manhajar da ke nuna musu albashin duk wanda ke cikin yarjejeniya ko bai faɗa ba.

Na fahimci wannan duka, kuma na daina ganin baƙin mai gyara, aikinsa ya yi. Amma har yanzu ina ganin da ranar sa hannu an tsaya a kan wannan layi an yi mini bayani da baki, maimakon a miƙo mini shafuka a ce sa hannu nan da nan, da an hutar da kowa. Na faɗi haka a zaman kwamishinoni, na ce mutanen da ke zuwa aikin kamfanin nan daga ƙasashen da ba a ƙirga wa baƙo kwana suke. Yanzu mai fayil tana karanta wa sabbin shiga sharaɗin baƙo da babbar murya. Wannan kam ina alfahari da shi.

Wanda zai shiga irin gidan nan, ya nemi shafin baƙi tun ranar farko ya ga kwana nawa ne a tasu yarjejeniyar. Kada baƙo ya yi amfani da adireshin gidan a lasisi ko banki ko wurin aiki sai an sa shi a yarjejeniya, don waɗannan takardu su ne shaidar da za a ajiye maka a kan tebur. Idan zama zai yi, a nemi izini kafin ya sauka, ba bayan ya fara aiki ba. A kuma tambayi hayar da suke cewa tsayayya, wadda ba ta bin albashi. Sau ɗaya a shekara ake ba ka zaɓi tsakaninta da ta kashi 30, kuma ga gidan da mutum biyu ke aiki tana iya fin sauƙi.

Da uwargida ta kusa haihuwa, surukata ta shirya zuwa zaman jego. Tun kafin a sayi tikiti na je ofis na yi wa darakta bayanin wankan jego, na ce arba'in ne mafi ƙanƙanta kuma tsohuwa ba aiki za ta yi ba. Ta tambaye ni ranar zuwa da ranar komawa, ta buga takardar izini, ta sa hannu, na sa hannu. Na ce a ba ni kwafi biyu, ta ba ni.