Na ƙara wa tsohuwar BMW ƙarfi, ƙasanta ya tsage

Motar BMW ce samfurin E36, 325i mai ƙofa biyu, ƙirar 1994, 'yar Kwatano. Na saye ta a Kaduna da injinta na asali, M50 mai silinda shida, na kuma yi shekara biyu ina hawa lafiya lau. Wata rana a Ƙofar Ruwa ta Kano na ci karo da injin V8 da aka ciro daga wata 740i da ta yi hatsari, M60 mai lita 4. Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Ƙarfin murɗawar M50 shi ne 245 Nm, na M60 kuwa 400. Iyakar lissafin da na yi ke nan.

Wata huɗu aka kwashe ana dasa shi. Ƙafafun inji, giya, lagireto, wayoyi, salansa, duk kuɗin can suka tafi. A tsawon wannan lokaci babu wanda ya kwanta ƙarƙashin bayan motar ya duba, har da ni.

Bayan kamar sati shida sai na fara jin wani ƙwas daga baya duk lokacin da na saki kulochi a giya ta ɗaya ko ta biyu. Na ɗauka bushin ne suka mutu, wato robobin da ke shanye girgiza, na sa aka canza su da masu tauri. Ƙarar ta ƙaru. Daga baya na gane cewa robar asali tana shanye wani ɓangare na duka, masu taurin kuwa kai-tsaye suke miƙa shi ga ƙarfen bodi. Sannan motar ta fara wani hali da ya fi tayar mini da hankali: in na taka totur sai bayanta ya ɗan karkata gefe, in na ɗaga ƙafa ya dawo, alhali sitiyari na miƙe a hannuna. Ranar da na yi faci na ɗaga bayan hagu da jak, ƙofar dama da kullum take rufuwa da ɗan turi kaɗan sai da na buga ta sau biyu. Da na sauke jak ta koma daidai.

Wani dattijo mai walda ne ya gano matsalar. Ya sa muka hau kan rami, ya goge laka da burushin ƙarfe a inda gadar baya take ɗaure da bodi, ya haska fitila. Tsaga ce siririya kamar gashi, ta zagaye gindin notin baya na hagu, tsatsa ja ta bi ta. Ya bi ta da alli har ta kai tsawon yatsa biyu. Ya sa yaronsa ya danna bayan motar, ina kallo bakin tsagar yana buɗewa yana rufewa.

"Ɗana, ka sa wa jaki kayan raƙumi," in ji shi. "Da ka ƙara wata guda, noti da ƙarfen da ke riƙe da shi tare za su fito."

Na ce, "Baba, tana gyaruwa?"

Ya ce tana gyaruwa, amma ba yau ba, kuma ba da tankin mai a jikinta ba.

Irin wannan mota ba ta da shasi daban kamar Hilux. Bodin ne shasin, falle-fallen ƙarfe marasa kauri da aka haɗa da ɗigon walda. Gadar da ke ɗauke da difaranshiyal da ƙafafun baya noti huɗu ne suke riƙe da ita a jikin wannan ƙarfe. Ƙarfin inji kuma ba ya isa taya yadda ya fito. Giya ta ɗaya tana ninka shi kusan sau huɗu, difaranshiyal ya sake ninkawa kusan sau uku, don haka 400 ɗin nan ya kan doshi 5,000 kafin ya kai ƙasa. Yadda tayoyi suke tura hanya, haka gadar take ƙoƙarin juyawa ta ɗaya ɓangaren, tana jan wani noti ƙasa tana tura wani sama. Kowane sakin kulochi lanƙwasa ɗaya ne, kamar mai lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye. Ga shekaru, ga tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi, wadda motar ta zo da ita a ɓoye. Wanda ya ƙera ta bai yi ta don wannan nauyi ba, ni na ɗora mata.

Aikin ya ci kwana tara. An sauke gadar, an cire tanki da bututun mai, domin tankin yana ƙarƙashin kujerar baya, daf da wurin walda. Dattijon ya huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya cike ta, sannan ya yanka faranti ya lulluɓe dukan wurare huɗun, har da waɗanda ba su nuna komai ba. Abin da ya fi burge ni haƙurinsa ne. Ba ya jan walda mai tsawo. Ya ɗan yi kaɗan, ya koma wani gefe, ya jira ƙarfe ya huce, saboda zafi mai yawa yana karkatar da siririn ƙarfe ya kuma raunana shi. Ya ƙara faranti a saman mazaunin shok na baya, muka shafa fenti mai hana tsatsa ciki da waje. A gaba kuma na sa ƙarfen nan mai siffar X da ake samu a ƙarƙashin E36 mai buɗaɗɗen rufi. Bushin masu taurin na cire su, na mayar da na roba.

Kuɗin wannan aiki duka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na kashe a kan inji ba, kuma da shi ya kamata in fara, tun motar na da injinta na asali. Yanzu ba na sakin kulochi da ƙarfi daga tsaye, sai ta fara tafiya nake ba ta wuta. Duk canjin baƙin mai ina shiga rami da fitila in duba gindin notocin nan huɗu, sannan in ɗaga kusurwa ɗaya da jak in buɗe ƙofar dama in rufe.