Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren da Ruwa Ya Zo

A makon jiya na tsaya a inda muka tare a gidan da na saya a unguwar Karkada a Damagaram, bayan shekarun da na yi ina haya a unguwar Zango. Gidan yana da lababo, wato kwanon wanke hannu mai pampo, ɗaya tak kusa da madafa, kuma tun watan farko kan pamponsa ya fara ɗiga. A wani gari wannan ba abin magana ba ne, amma ban da Damagaram, birnin da ke zaune kan dutse, wanda ruwan shansa sai an turo shi daga rijiyoyi masu nisa, irin su na Gogo da Machaya da na Arunguza. Ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa zuwa Yamai a 1926. Duk daren da na ji ɗigon yana sauka, sai in tuna abin da muke ba ƴan garuwa idan pampo ya ƙafe.

Mai gyara ya yi mini alkawari sau uku bai zo ba, sai na ƙudura yin aikin da kaina. Lokacin bazara ne, kwana uku babu ko ɗigo a bututu, don haka ban ga amfanin zuwa bakin kwanta, wato mitar ruwa, in rufe ruwan gidan ba. Na shimfiɗa tabarma, na kwanta rigingine ƙarƙashin lababon, na tarar da notin da ke riƙe da pampon ya haɗe da tsatsa, sai da na ɗiga masa kananzir na jira har bayan azahar kafin ya motsa.

A Kasuwar Dole mai shagon ya juya tsohon tiyon pampon da na cire na kai masa a hannunsa ya ce, "Malam, gara da ka zo da shi. Awon bakin bututun bangonka 15/21 ne, da ka ɗauki mai 12/17 da ka sake dawowa." Ya ba ni sabon pampo da tiyo da farin zaren tefulon, ya nuna mini cewa ana naɗa zaren ne ta ɓangaren da ake ɗaurewa, in ba haka ba ya warware. Ya ƙara da cewa notin tiyo ba ya son ƙarfi, hannu ya isa, sai ɗan taɓi da kile, wato sifana.

Kafin la'asar na haɗa komai, sai dai babu ruwan gwaji. Da nake naɗe tabarma na tsinci wani ɗan baƙin zoben roba, na ɗauka na tsohon pampon ne, na jefa shi aljihu.

Wajen ƙarfe biyu na dare uwargida ta tashe ni tana cewa, "Malam, ruwa ya zo, amma ba ta baki yake fitowa ba." Na tarar yana feshi daga gindin tiyon, har ya kai ƙofar ɗakin yara. Na nufi kwanta da gudu, sai ta tare ni, ta ce wanda ya yi kwana uku yana jira ba ya rufe ruwa da hannunsa. Haka muka tara manyan kwanoni a ƙarƙashi, muna juyewa a randa da bido, ni ina riƙe da tocila a baki, rigata sharkaf. Sai da komai ya cika ta bar ni na rufe.

A lokacin ne zoben ya faɗo mini a rai. Na kwance notin, na ga gurbinsa wayam, na lalubo shi daga aljihun rigar jiya na zaunar da shi, na ɗaure da hannu kamar yadda aka gaya mini tun farko. Da na koma na buɗe kwanta, iska kawai bututun ya busa, domin an riga an ɗauke ruwan. Sai bayan kwana biyu, da asuba, na ga sabon pampon yana zuba ta inda ya kamata, ƙarƙashinsa kuma a bushe.