Masu karanta korona, da hancin wa suke karantawa?

Har yau in hira ta biyo ta kan korona a majalisarmu ta Agege sai wani ya jefo tambayar nan, wai yau nau'in Delta gobe Omicron, waye ma yake raɗa musu suna, a ina suka ga ta canza kama? Tambaya ce mai kyau fa, duk da masu yinta da gatse suke yi. Kuma abun da ke ban haushi shine amsar tana nan kusa da mu, wani ɓangaren aikin ma a Idi-Araba da Yaba aka yi shi, inda mutanenmu ke wucewa kullum da okada da baro.

Ga yadda abun yake. Ƙwayar korona tana ɗauke da rubutun halittarta a cikinta, haruffa wajen 30,000 a jere, kuma iri huɗu ne kacal ake ta jujjuyawa. In ta shiga jikin mutum sai ta tilasta wa jikin ya yi ta kwafe rubutun nan, wajen kwafar kuwa dole a samu kuskure jefi-jefi. Kamar 'yan aji ne da ke kwafar aiki daga littafin juna, in na farko ya rubuta wani abu ba daidai ba duk wanda ya kwafa a wurinsa zai ɗauki kuskuren ya ƙara nasa, malami mai ido kuma yana dubawa zai gane wa ya kwafa a wurin wa. Toh haka masu lab suke yi. Wannan tsinken audugar da aka riƙa cusa wa mutane a hanci har sai sun yi hawaye, daga shi ake ciro ƙwayar, a sa ta a na'ura irin ta Illumina ko wata 'yar mitsitsiya mai suna MinION da ba ta kai girman waya ba, ta karanto haruffan, sai kwamfuta ta jera su da na sauran marasa lafiya. Yawancin kurakuran ba sa tsinana komai. Amma wani lokacin sai kuskuren ya faɗa kan ƙayoyin nan na bayan ƙwayar da take maƙalewa da su a jikin mutum, sai ka ga ta fi saurin yaɗuwa ko ta fara zille wa garkuwar jiki. Omicron canji sama da 30 ta zo da shi a ƙayar kawai.

Kuma ba sai ta yi yawo gari-gari take rikiɗa ba. A Durban ta Afirka ta Kudu an bibiyi wata mata da garkuwar jikinta ta yi rauni sosai saboda HIV, cutar ta zauna a jikinta fiye da wata shida, ana ɗaukan samfur ana karantawa ana ganin tana canzawa a jikin mutum ɗaya.

Mutum na farko da aka tabbatar yana da cutar a Najeriya ɗan Italiya ne, a nan Legas, ranar 27 ga Fabrairu 2020, aka kwantar da shi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba. Cikin 'yan kwanaki cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba da masanan Jami'ar Legas na Idi-Araba da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, suka karance ƙwayar suka saki sakamakon, kuma shine na farko a Afirka gaba ɗaya. Ni kam wannan ya burge ni wallahi, don ƙasar da wuta ma sai an yi addu'a.

Sai dai ku duba ladan da ake samu. Ranar 24 ga Nuwamba 2021 Afirka ta Kudu ta sanar da hukumar lafiya ta duniya cewa ta ga sabon nau'i, masanan Botswana ma sun gani, bayan kwana biyu hukumar ta raɗa masa suna Omicron. Kafin ka ce kwabo an rufe musu ƙofa ko'ina. Mu ma da NCDC ta tabbatar da shi ranar 1 ga Disamba, Ingila ta jefa mu a jerin ƙasashen da ta hana shiga, Kanada ma tun kafin nan ta yi haka, Saudiyya ta dakatar da jirage daga nan, masu niyyar Umara suka yi cirko-cirko. Alhali daga baya Holan ta duba tsofaffin samfuranta ta tarar Omicron ɗin yana can tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu. Ingila da kanta tsakiyar Disamba ta soke jerin don cutar ta riga ta cika mata gida.

A lokacin wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya ya tare ni yace, kai yaro ku da kuka yi boko, me ya kai su faɗa, da sun yi shiru da yanzu ina Madina. Nace Baba ai in sun yi shiru cutar ba shiru za ta yi ba, sai dai likita ya ga gadaje na cika bai san dalili ba. Yace toh ai ga shi sun faɗa, wa ya ce musu sannu? Har yanzu ina ganin yana da gaskiya ta wannan gefen, in ana hukunta mai faɗa to wata rana za a samu mai ɓoyewa.

Amma abun da ya fi damuna daban ne. Na'ura abun da aka ba ta take karantawa, to samfurin wa aka ba ta? Omicron na farko da aka gano a Najeriya a jikin matafiya ne da suka dawo daga Afirka ta Kudu, don su ne dole ta sa suka biya kuɗin gwaji saboda jirgi. Mai sayar da tumatir a Mile 12 ko ɗan dako a Alaba Rago in zazzaɓi da mura suka kama shi kemis zai je, a haɗa masa maganin maleriya da farasitamol, ya ɗora da citta da kanumfari, jibi ya koma bakin aiki, in abun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya hau tirela ya tafi gida Arewa jinya. Hancinsa bai taɓa ganin audugar kowa ba. Kenan duk nau'in da ya zagaya tsakaninmu, ya bi hanyar Ibadan da Ilori ya haura Kano ko Sakkwato, ba lallai ya shiga lissafin kowa ba. Mu ma da namu laifin fa, mutane da yawa gudun gwajin suka riƙa yi kar a killace su a rasa na abinci, kuma wanda ya ga yunwar kullen da aka fara ranar 30 ga Maris 2020 ba zai ga baikensu sosai ba.

An sauke korona daga matsayin dokar ta-ɓaci ta duniya a Mayun 2023, amma tana nan tana kwafar kanta, wani nau'in mai suna JN.1 ma bayan nan ya ɓullo. Na'urorin kuma ba korona kaɗai suke yi wa aiki ba, da irinsu masanan Ede suka nuna a 2018 cewa zazzaɓin Lassa da ya ɓarke a shekarar yawanci daga ɓeraye yake tsallakowa ba daga mutum zuwa mutum ba, kuma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ajiyar buhuna a kasuwar nan ya san yawan ɓerayen da muke fama da su.