Mun Kammala Wasa Lafiya, Ga Godiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na nan Shikago da na gida.

Daren Lahadin da ta wuce muka yi wasan kwaikwayonmu na ƙarshe. Jiya aka kwance katakon dandamali, aka mayar wa kowa da abin da ya ba mu aro, sai yau na samu sararin zama in rubuta wannan. Alhamdu lillahi, mun fara lafiya mun gama lafiya. Ban kama sunan kowa ba don ban nemi izini ba, amma duk wanda ya karanta zai gane kansa.

Da yawa kun tambaye ni me ya kai tela gidan wasan kwaikwayo. Autana ne ya kai ni. Wata rana ya dawo makaranta da takarda, wai wata ƙaramar ƙungiyar wasa tana neman yaro ɗan shekara 10 ko 11. Aka gwada shi, aka ɗauke shi. Ni kuwa ba zan bar ɗana wurin mutanen da ban sani ba har dare, sai na riƙa bin sa wurin gwaji, in zauna a kujerar baya da ɗinkin hannuna. Wurin tsohon kanti ne aka mayar gidan wasa, kujeru 60 kacal, na sahun gaba in ya miƙa hannu zai taɓa teburin da 'yan wasa ke cin abinci. A mako na biyu darakta ta tsaya a kaina tana kallon yadda nake kalmasa bakin zani, ta ce ko zan duba musu wata riga da ta yi wa mai ita yawa. Daga riga ɗaya, tufafin wasan gaba ɗaya suka dawo hannuna.

Sunan wasan A Raisin in the Sun, wato zabibi a cikin rana, na Lorraine Hansberry. An fara nuna shi a Broadway ta New York ranar 11 ga Maris 1959, kuma shi ne wasa na farko da baƙar mace ta rubuta da ya hau wannan dandali. Labarin wani iyali ne a kudancin Shikago, mutum biyar cunkushe a 'yan ɗakuna biyu da falo, banɗaki ma da maƙwabta suke tarayya. Maigidan ya rasu, ana jiran cekin inshorarsa na dala 10,000. Uwar, Lena, gida take so. Ɗanta Walter, direban wani attajiri, so yake ya zuba jari a kantin giya. Ƙanwarsa Beneatha likita take son zama. Matar Walter tana ɗauke da cikin da take tsoron ba wurin ajiye shi. Jikan gidan, Travis, a doguwar kujerar falo yake kwana, kuma shi ne ɗana ya fito. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake maganar gado ya san wannan hayaniyar, ya san yadda 'yan ciki ɗaya ke kallon juna idan kuɗin mamaci sun iso.

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga baban yara take. Da farko bai yarda ba, kuma yana da hujja: ya ji akwai maganar giya, ya ji akwai wurin da budurwar gidan ta furta kalmar rashin yarda da Allah. Bai yanke hukunci da jita-jita ba, ya karɓi littafin ya karanta da kansa dare biyu. Ya ga uwar ta ƙi saka sisinta a giya saboda tsoron Allah, ya ga kuma ta tashi ta mari 'yar tata, ta sa ta maimaita da bakinta cewa har yanzu akwai Allah a gidan uwarta. Sai ya ce a je, da sharaɗin aikin makaranta da salla ba za su sha kashi ba. Shi ma tuƙi ne sana'arsa. Kullum in ya tashi aiki a gajiye sai ya biyo ya ɗauke mu. Ranar da ya fara kallon wasan cikakke, aka zo wurin da Walter ke gaya wa uwarsa cewa wuni guda aikinsa buɗe wa wani ƙofar mota da cewa ranka ya daɗe, na juya na ga ya sunkuyar da kai. Har muka isa gida bai ce uffan ba, sai da ya kashe mota ya ce wa yaron, “Ka riƙe wasan nan da kyau.” Maigida, Allah ya ƙara rufa maka asiri, ya sa ka ci moriyar 'ya'yanka.

Sai daraktarmu. Malama, na ga masu haƙuri, amma irin naki daban ne. Ke kika nemo izinin wasan daga masu haƙƙinsa, kika biya kuɗin kowane dare tun ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba, kika kuma fahimtar da mu cewa ba a sauya kalma ɗaya daga abin da marubuciyar ta rubuta. Abin da ba zan manta ba shi ne Asabar ɗin da kika kwashe mu zuwa titin South Rhodes, muka tsaya gaban gidan jan bulo da mahaifin Lorraine, Carl Hansberry, ya saya a 1937. Unguwar a lokacin masu gidaje sun rattaba hannu cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. Da iyalin suka tare sai aka yi musu taron dangi, aka wurgo dunƙulen kankare ta taga, saura ƙiris ya sami Lorraine tana 'yar ƙarama, uwarta kuma ta riƙa kwana tana zaga gidan da bindiga a hannu. Shari'a ta kai har Kotun Ƙoli, mahaifin ya yi nasara a 1940, duk da cewa kotun ba ta kashe irin wannan yarjejeniya gaba ɗaya ba. Sai a 1948 aka hana kotuna tilasta ta. Kin sa ɗana ya tsaya ya kalli tagar, kika ce masa yarinyar da ta rubuta maganganun da yake haddacewa ba ta kai shi shekaru ba a ranar. Tun daga nan ya daina karanto layukansa kamar hadda. Ni ma da na sha wucewa ta wannan yanki ban taɓa sanin abin da ya faru a can ba. Marubuciyar ba ta yi tsawon rai ba, ta rasu a 1965 tana da shekara 34.

Akwai ɗan Najeriya a cikin wasan, ɗalibi mai suna Asagai da ke neman Beneatha, ya kawo mata tufafin gida da fayafayan kiɗa. Da 'yan ƙungiya suka ji daga Najeriya nake sai murna, suka ɗauka an samu mai koya musu harshensa. Na ce musu Asagai Bayarabe ne, ni Bahaushiya ce, harshe daban, ɗaurin zani daban, kada mu yi abin da Yarabawa za su zo su gani su girgiza kai. Na je na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata. Iya, ke da ko sanin su ba ki yi ba, kika buɗe akwatinki kika ciro ashoken da kika yi bikin 'yarki da shi, kika zo sau huɗu cikin sanyi kina gyara wa saurayin lafazi, kina koya wa yarinyar ɗaura gwaggwaro har ta iya ba madubi. Ba ki karɓi ko kuɗin mota ba. Allah ya bar zumunci, ya raya miki jikokinki.

A nan ne ma na san cewa shigar ɗan Najeriya cikin wasan tana da tushe. Baffan marubuciyar, William Leo Hansberry, malamin tarihin Afirka ne a Jami'ar Howard, kuma Nnamdi Azikiwe yana cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa. An nuna wasan shekara guda kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, amma Asagai ya riga yana maganar abin da zai biyo bayan 'yancin, har yana cewa wataƙila 'yan ƙasarsa ne za su kashe shi wata rana. Daren da dattawanmu suka zo kallo, da aka zo wannan wuri ɗakin ya yi tsit. Turawa da baƙaƙen Amurka suna sauraron saurayi mai buri, su kuwa suna tuna juyin mulkin Janairun 1966.

Jarrabawarmu ta zo a mako na biyu. Sanyi ya sauko irin wanda ruwa ke daskarewa a bututu, na'urar ɗumama ginin ta tsaya cak. Muka kawo ƙananan hita daga gidajenmu, da aka kunna su tare da fitilun dandamali sai wuta ta ɗauke gaba ɗaya, wayoyin tsohon gini ba su iya ɗaukar nauyin. Dole aka soke wasan dare ɗaya. Ga ƙungiya irin wannan, dare ɗaya shi ne kuɗin hayar mako. Darakta ta zauna da waya tana kiran masu tikiti ɗaya bayan ɗaya za ta mayar musu da kuɗinsu, mafi yawansu suka ce ta riƙe, za su sake saye su dawo. Sun kuwa dawo. Ku da kuka yi haka, ban san fuskokin yawancinku ba, amma Allah ya san ku. Ga kuma mai kula da fitilunmu da ya kwana a ginin tare da mai gyara, hannayensu na tsagewa don sanyi, har na'urar ta tashi da asuba. Washegari 'yan kallo da manyan rigunan sanyi suka zauna, 'yan wasa kuwa da 'yan rigunan gida na shekarun 1950 da na tsinto a gwanjo na rage. Na ɗinka musu shimi mai kauri a ciki cikin dare, amma na san bai isa ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Akwai 'yar shuka a kasko da Lena ke ajiyewa a bakin taga, ta rame don rashin rana, amma kullum sai ta duba ta. Darakta ta ƙi ta roba, ta ce mai rai take so. A daren da hita ta mutu ganyenta ya yi laushi ya sunkuya. Ɗana ne ya ɗauke ta ya cusa cikin rigar sanyinsa har mota, kuma daga ranar ya zama kullum da ita muke tafiya gida mu dawo da ita. Dattijuwar da ta fito a Lena, wadda nake kira Inna shi kuma yake kira Kaka, ta lura da haka. Inna, na gode da yadda kika riƙe yaron nan kamar jikanki na jini, da yadda kika share lungu guda a ɗakin sauya kaya kika ce kada kowa ya ajiye takalmi a nan, wurin sallata ne. Ban roƙe ki ba. Kuma wurin da Walter ya zubar da dala 6,500 da kika damƙa masa bayan kin biya kafin alƙalami na dala 3,500 a kan gida, har da dala 3,000 na karatun ƙanwarsa, kika tsaya kina tuna yadda kika ga mijinki yana tsufa da wahala kafin lokacinsa, sau 11 na kalle shi daga bayan dandamali, ba daren da idona bai kawo ruwa ba.

Ina gode wa bawan Allahn da ya fito a Lindner, wakilin unguwar fararen da ya zo da murmushi yana tayin sayen gidan don kada iyalin su tare. Kowane dare 'yan kallo na yi masa tsaki, ya fito ya ɗauki tsintsiya ya share dandamali tare da mu. Na gode wa kafintanmu da ya gina falo da kicin da ragowar katako, da Alhaji mai kanti da ya riƙa aiko da ƙwai kyauta, domin ƙwan gaske ake soyawa a farkon wasa, ƙamshin ya cika ɗakin. Na gode wa malamar ajin ɗana da ta yi masa sassauci a makon farko.

'Yan uwana mata, na Najeriya da na Nijar da na Gana, kun fitar da ni kunya. Kun sayi sahu uku a daren ƙarshe, kuka zo da shayi mai citta da fanke da ya ishi kowa har 'yan kallo. Hajiya babba, ke da kika ce Turancinki bai kai na wasa ba, sai ga shi lokacin da aka kawo labarin abokin Walter ya gudu da kuɗin, salatinki aka ji har ƙofa. Bayan an tashi 'yan wasa suka yi ta tambayata me kika ce, da na fassara musu sai wanda ya fito a Walter ya zo ya durƙusa ya gaishe ki.

Auta, kai ne na ƙarshe. Wata biyu kana makaranta da safe, gwaji da yamma, aikin gida a mota. A ƙarshen wasa, lokacin da Kaka ta hana a kore ka, ta ce ka tsaya ka ga abin da ubanka zai yi, kai kuma ka ɗaga kai kana kallonsa har ya fasa sayar da mutuncin gidan, ba ka da kalma ko ɗaya a wurin, amma ba ka taɓa kawar da idonka ba. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wanda na manta ya yafe mini, gajiya ce. Akwai faranti biyu na tangaran da mayafi ruwan toka da har yanzu ba mu san masu su ba, suna wurina, mai su ya yi mini magana. Shukar kuwa darakta ta ce yaron ya riƙe. Tana bakin tagar kicin ɗinmu, ta fitar da sabon ganye biyu.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.