Wasiƙa daga Hambug: kafin ku sayi injin kumfa na kifin teku

Assalamu alaikum ƴan uwana na Yamai da na Tawa. Ina gaisuwa, ina tambayar gida da iyali, da yadda kuke fama da zafi. Mu nan Jamus lafiya lau, sai sanyi da kewar gida.

A watannin nan mutum uku suka turo mini tambaya iri ɗaya. Na farko ɗan yayata ne da ke Yamai, wanda maigidansa ke son kafa akwatin gilas na kifin teku a ɗakin karɓar baƙi. Ya turo hoton wata na'ura da ya gani a intanet, ya ce, "Kawu, wannan ta yi?" Sauran biyun ma hoto suka turo. Shekara 11 ke nan ina aiki a wani kantin kifin ado a nan Hambug, hannuna kullum cikin ruwan gishiri, kuma na san hoto kaɗai ba ya amsa wannan tambaya. Shi ya sa na ga gara in rubuta a fili kowa ya gani.

Abin da suke tambaya a kai, Faransawa na ce masa écumeur, Jamusawa Abschäumer, masu Ingilishi kuma sikima. Ni injin kumfa nake ce masa. Duk wadda ta taɓa ɗora nama a wuta ta san aikinsa: tukunya na fara tafasa sai kumfa mai datti ta taso, a sa ludayi a yaɗe ta. Kifi yana ci, yana kashi, jikinsa na fitar da yauƙi, ragowar abinci na narkewa a ruwa. Wani kaso na wannan datti halinsa irin na sabulu ne, gefe ɗaya na son ruwa, ɗayan na gudunsa, don haka da ya samu ƙwayar iska sai ya manne mata. Injin yana niƙa iska cikin ruwa har ya koma fari kamar nono, ƙwayoyin su hau doguwar kwalba, su taru a wuyanta, su tumbatsa cikin wani kofi da ke sama. Abin da za ka zubar daga kofin launinsa kamar shayin farko, warinsa kamar kwata. Da an bar shi a ruwa, ruɓewa zai yi, ya koma takin da gansakuka ke so, ya kuma cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Gishiri ne ke hana ƙwayoyin kumfar haɗewa su zama manya. A ruwan daɗi nan da nan suke haɗewa su fashe. Saboda haka mai kiwon tarwaɗa ko karfasa kada ya ɓata kuɗinsa, wannan inji ba nasa ba ne.

Akwai masu cewa ƙaramin akwati, wanda bai kai lita 100 ba, ba ya bukatar injin, in dai ana canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako. Gaskiya ne, a nan. A gida lissafin ya sha bamban. Daga Yamai zuwa bakin teku a Kwatano tafiyar kusan kilomita 1000 ce, kuma gishirinmu na Bilma, da na miya, ba sa yin ruwan teku. Sai gishirin da aka haɗa musamman, mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadarai, wanda ake zuba kimanin giram 35 a kowace lita. Bokitin kilo 20 yana ba da wajen lita 550, kuma sai an yi dakonsa daga waje. Wanda gishiri ke yi wa nisa haka, duk abin da zai tsawaita ran ruwansa ya cancanci kuɗinsa. Ni a ganina, a Nijar, duk akwatin da ya kai lita 150 a sa masa inji.

To, wanne? Kowane kwali an rubuta masa yawan litar da injin zai iya ɗauka. Kada ku ɗauki wannan lamba kamar yankan wuƙa, masu ƙera kaya sukan yi wa hajarsu kirari. Abin da ke tantance girman inji shi ne yawan bakunan da ke ci a cikin ruwan. Akwatin lita 300 mai ƙananan kifi 5 da wani lita 300 mai manyan kifi 12 ba kaya ɗaya suka ɗauka ba. In kifin kaɗan ne, lambar kwali ta isa. In suna da yawa, a nemi wanda aka rubuta wa lita 450 zuwa 500.

Sai dai a nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, don mun saba da cewa babba ya fi. Ni ma na faɗa wannan rami. Akwatina na farko lita 200 ne, na samu injin lita 800 na hannu da araha, na ɗauka na yi dace. Wuyan kwalbarsa faɗi gare shi, dattin ruwana bai isa ya gina kumfar da za ta cika shi ta hau ba. Sai ya yi kwana uku kofi a bushe, in na ƙara masa ruwa don ya kama aiki, ya wayi gari ya cika ya zube. Wata biyu ina wannan fama, ruwan na ta lalacewa, har na rasa kifi biyu da nake ƙauna. Har yau in na tuna ba na jin daɗi, domin amana ce na ɗauka ban san yadda ake riƙe ta ba. Inji daidai wa daida, mai aiki kullum ba fashi, ya fi ƙato mai yi yau ya huta gobe.

Bayan girma sai wurin zama. Mafi yawan injuna a tankin ƙasa suke tsayawa, wato ƙaramin tankin da ke ɓoye cikin kabad ƙarƙashin akwatin. Kowanne da zurfin ruwan da yake so, galibi tsakanin santimita 15 zuwa 20, kuma yana son zurfin ya tsaya cik. A zafin gida ruwa na tashi da sauri, don haka a ajiye injin a sashen tankin da ruwansa ba ya hawa ba ya sauka, a riƙa cike gurbin abin da ya tashi da tataccen ruwan daɗi, tunda gishiri ba ya bin tururi. A auna tsayin kabad tun kafin a biya kuɗi, a bar sarari a sama yadda kofin zai fita. Wanda ba shi da tankin ƙasa, akwai irin da ake ratayawa a bayan gilas. Yana aiki, amma ranar da ya tumbatsa a kan tabarma zai zube.

Tsofaffin injuna da guntun katako ake hura musu iska, katakon kuma yana toshewa sai an riƙa sauya shi. Ku bar su, ba za ku samu katakon a Babbar Kasuwa ba. Na yanzu famfo ne mai farfela mai allurai, yana zuƙo iska ta siririn tiyo ya daddatse ta. Shi za ku nema.

Yanzu ga maganar da kwali ba zai gaya muku ba, wadda kuma saboda ita na rubuta wasiƙar nan: kuran, wato wutar lantarki, da iska.

Kuran ɗinmu bolt 220 ne, mai bugu 50 a daƙiƙa, irin na Turai. Na Amurka bolt 120 ne, bugu 60. In ɗan uwa ya aiko muku da famfo mai shan kuran kai tsaye daga Amurka, kuka jona, ƙonewa zai yi. Ko an sa masa abin rage ƙarfi, juyawarsa za ta ragu, iskar da yake ja ta ragu. Na fi son famfon da ke aiki da bolt 24, mai ƴar na'urar ƙara gudu da ragewa. Wutar da yake ci kaɗan ce, ƙananan ba sa wuce wat 10 zuwa 25, kuma ana iya haɗa shi da batir da faifan hasken rana. Ku duba ko yana da jinkirin tashi. Dalili kuwa, in kuran ya ɗauke, ruwan da ke cikin bututu yana gangarowa ya cika tankin ƙasa. In ya dawo injin ya tashi nan take cikin ruwa mai zurfi, kofin zai cika cikin minti ɗaya, dattin mako guda ya koma wa kifi. Jinkirin minti 5 ya isa ruwa ya koma mazauninsa. In batirin ƙarami ne, a fara ba famfon da ke motsa ruwan akwatin, shi ne ran kifi, inji ya biyo baya.

Ita kuwa iska, ku tuna duk abin da ke cikin ɗaki injin zai zuƙa ya dama shi cikin ruwa, dare da rana. Maganin sauro na fesawa guba ne ga kifi, ɗan kaɗan ya isa ya kashe su. Na ƙonawa ma haka. Turaren wuta, hayaƙin taba, warin fenti, duk suna shiga. Iyayena mata da ƙannena, na san ɗaki ba ya cika ɗaki sai da turare, amma ɗakin da kifin teku yake a yi haƙuri a ɗauke masa. In dole sai an yi feshi, a kashe injin, a rufe akwatin, a buɗe tagogi kafin a sake kunnawa. Ƙurar hunturu da jan hadarin farkon damina kuma suna toshe tiyon, don haka a zaɓi injin da bakin tiyonsa ke da ɗan gwangwani, a cusa masa auduga da gawayin tace ruwa, a riƙa sauyawa.

Zafi ba aikin injin ba ne, amma ba zan tsallake shi ba. Kifin murjani yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 26. A watan Afrilu da Mayu Yamai da Tawa suna haura 40, ruwa mai ɗumi kuma iskarsa kaɗan ce, ga famfo na ƙara masa nasa ɗumin. Wanda ba shi da hanyar sanyaya ɗaki ko ruwan, ina roƙonsa ya dakata tukuna.

Sunayen da za ku gani a kantunan Turai sun haɗa da Tunze da Deltec, duka na Jamus, da Red Sea, da Reef Octopus, da Bubble Magus mai sauƙin kuɗi. Na ga kowannensu yana aiki shekara da shekaru a hannun mai kula. Ban damu da sunan ba kamar yadda na damu da wannan: ranar da kuke sayen injin, ku sayi farfela ta biyu ku ajiye. Ita ce ke fara lalacewa, kuma jiran saƙo daga waje kan ɗauki makonni.

Kada kuma a ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa. Wani malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Penn State ta Amurka, Ken Feldman, ya auna injuna iri-iri, ya tarar abin da suke cirewa daga narkakken dattin ruwa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran sai duwatsu masu rai, wato duwatsun teku masu ɗauke da ƙananan halittun da ke cinye datti, da canjin ruwa da rage hannu wajen ba da abinci.

In sabo ne, zai yi mako ɗaya ko biyu yana rikici, ko kumfa ta ƙi tashi ko ta yi yawa. Ku bar shi, kada ku riƙa murɗa shi kowace safiya. In kun ba da abinci ko kun tsoma hannu mai mai, kumfar za ta kwanta na ɗan lokaci, ba lalacewa ya yi ba. A wanke kofi da wuyan kwalba sau biyu a mako da ruwa zalla, ba sabulu. Bayan wata uku ko huɗu a jiƙa famfon cikin ruwan binegar ya narkar da farin dutsen da ya kama shi.

Ɗana, kai da ka fara tambaya, ka auno mini tsawo da faɗi da tsayin kabad ɗin, ka ƙirgo kifin da maigidanka ke son sawa, ka kuma gaya mini ko ɗakin yana da sanyi da rana tsaka. Da na ga waɗannan zan faɗa maka wanda za ka saya. Ka gaida mahaifiyarka, a gaida mutanen Tawa baki ɗaya.

Naku, daga Hambug.