Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ramin da Ke Ƙarƙashin Ribaɗinmu

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya ne a ranar da ruwa ya ci Makka, cikin Zulƙidar shekarar 1388, wato Janairun 1969, lokacin da ambaliya ta shiga har cikin Harami ta kewaye Ka'aba. Mu 'yan Misfala mun fi kowa jin jiki, don unguwarmu ce gangaren gari, duk abin da kwari ya kwaso a kanmu yake saukewa. Shekarata 11 a lokacin.

Gidan da muke ciki tsohon ribaɗi ne tun na zamanin Turkawa, ginin dutse, wani bawan Allah ya yi waƙafinsa don talakawan baƙi. Ɗakuna ne a jere, kowane da iyalinsa, Hausawa da Barebari da Zabarmawa, duk 'yan takari. A ƙarshen soro akwai wani ɗaki da ba mai kwana cikinsa, nan ake jibge gawayi da tsofaffin tabarmi. Kwana biyu da janyewar ruwa Inna ta aike ni in dubo ko akwai gawayin da bai jiƙe ba. Ina tura ƙofa sai na ga rabin daɓen ya rufta. Wani faffaɗan dutse ya karkace, ƙarƙashinsa rami baƙi ƙirin, da matakala ta gangara. Iska mai sanyi tana busowa daga ciki, ga wani sauti can ƙasa kamar mutum yana kurkure baki.

Kafin la'asar gida ya cika. Tsofaffin mata suka ce gidan aljanu ne, a yi hayaƙi a rufe. Samari suka ce hanyar gudu ce da sojan Turkawa suka haƙa har zuwa ganuwar Ajyad, wani ma ya rantse akwai tukwanen zinariya. Wakilin waƙafi ya zo, ya leƙa daga nesa, ya ce gobe zai turo magina su cike shi da ƙasa.

A nan sai na faɗi abin da ya daɗe yana cin raina. A shekarun nan ina jin kunyar sana'ar mahaifina. Baba ɗan ga-ruwa ne, sagga kamar yadda mutanen Makka ke cewa. Tun asuba yake ɗaukar zaffa, garwa biyu a rataye jikin sanda, ya bi layi a bazan, wato wurin ɗiban ruwa na unguwa, ya cika, ya hau benaye da lungunan kan dutse yana juye wa mutane a randa. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. A makaranta yara suna kirana ɗan sagga, ni kuwa in na hango shi tafe da garewani sai in sauya lungu. Allah Ya yafe mini.

Bayan magariba ya dawo, ya jingine zaffarsa, ya ji labari. Ya tafi bakin ramin ya durƙusa, ya shaƙi iskar, ya kasa kunne ya daɗe. Sannan ya ɗago ya ce, "Ba aljanu, ba zinariya. Dabal ne, magudanar ƙarƙashin ƙasa. Ruwan Zubaida ne yake wucewa." Ashe farkon zuwansa Makka, bayan ya keto Chadi da Sudan ya tsallako ta Sawakin, ya yi shekara uku yana lebura a cikin waɗannan magudanan, ana zura shi da igiya ta rijiyoyin da ake kira haraza yana kwashe laka. Ni ɗansa ban taɓa sani ba. Ya aika wa wakili cewa kada a cike, don sautin nan na ruwan da ya toshe ne, in aka danne shi zai koma ya ci harsashin ginin.

Da safe ya ce yana son ƙaramin mutum mai riƙe fitila. Inna ta ce, "Malam, yaron nan fa ko rijiya bai taɓa leƙawa ba." Ya ce, "Ki bar shi, ya ga inda tuwonsa ke fitowa."

Matakala 14 na ƙirga. A ƙasa hanya ce siririya, faɗinta bai fi kafaɗun Baba ba, sai ya sunkuya yake tafiya. Bango na baƙin dutse, rufi na falalen duwatsu, ruwa ya kawo mini gwiwa, sanyinsa har cikin haƙori. Daga ƙasa zuwa ƙuguna an shafe bangon da wani abu sumul. Baba ya ƙwanƙwasa ya ce, "Nura ce. Ka ga kamar lason karofi na Ƙofar Mata, ruwa ba ya cinta." Jefi-jefi akwai 'yar alkuki a bango, samanta baƙi da hayaƙin fitilun mutanen da suka riga mu shiga. A wani wuri ya ce in ɗaga fitila. Sawun tafin hannu ne a jikin shafen, yatsu biyar sarai, na wani magini da ya dafa kafin ya bushe. Baba ya kama hannuna ya ɗora a ciki. Yatsuna ko rabi ba su kai ba.

Yana kwasar laka da hannu yana zubawa a kwando yana ba ni labari, muryarsa tana amsa kuwwa. Zubaida 'yar Ja'afar, matar Halifa Haruna Rashid, ta zo hajji daga Bagadaza ta tarar alhazai suna galabaita da ƙishi, salkar ruwa ta fi ƙarfin talaka. Ta sa a janyo ruwa daga kwarin Nu'uman, gindin dutsen Kara ta hanyar Ɗa'ifa. Da ma'ajinta ya yi mata ƙorafin kuɗi, an ruwaito ta ce a yi aikin ko da kowane saran gatari zai ci dinari. Ba inji, ba famfo. Gangara kawai aka auna, ruwa yana tafiya da ƙafarsa fiye da kilomita 20, wani wuri a ƙarƙashin ƙasa, wani wuri a jikin dutse, ya zagaya Dutsen Rahama a Arfa, ya bi ta Muzdalifa ya nufo wajen Mina. Daga baya da na girma na karanta cewa ta rasu a shekarar 216 ta Hijira, kuma ruwan Nu'uman bai shigo cikin gari ba sai zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa, da wata 'yar sarkinsu Sulaiman ta ɗauki nauyi. Dutsen da ya tare hanya sai da aka riƙa hura masa wuta ana fasawa kaɗan-kaɗan, ruwa ya iso Makka a 979 ta Hijira. Baba bai san shekarun ba, amma ya san kowace kwana ta hanyar.

Abin da ya toshe ba wani abu ba ne, wani dutsen rufi ne ya faɗo, laka da zarɓar dabino da ɓallin takalmi suka taru a bayansa. Baba ya ce in koma baya in manne da bango. Ya sa kafaɗar nan mai kanta, ya yi bisimilla, ya tura. Sau uku. A na ukun dutsen ya kwanta, ruwan ya yi wata ajiyar zuciya ya zarce, na ji yana jan ƙafafuna. Can gaba wani siririn haske ya sauko ta bakin haraza, har muna jin takun jaki da muryar mai tallan burodi a samanmu, ba wanda ya san muna ƙasa.

Mun fito duk jikinmu laka. Ma'aikatan ruwa suka zo da rana suka duba, suka gyara rufin, aka mayar da dutsen aka daɓe. Yau ribaɗin babu shi, otal ne a wurin, ruwan da Makka ke sha kuma yawancinsa na teku ne da ake tacewa a Shu'aiba. Bazan ɗin da Baba ya ƙare ƙarfinsa a bakinsa ko alamarsa ban gane ba da na je nema.

Washegarin shigarmu ramin da asuba, da Baba ya saɓi zaffa, na ɗauki gugansa na bi bayansa. Hanyarmu ta bi ta ƙofar makaranta, yara suna tsaye, ban sauya lungu ba. Muna dawowa muka tarar wakilin waƙafi yana jiran Baba a soro, ya ja shi gefe suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Maganar nan ce ta raba mu da Misfala ta kai mu unguwar Jarwal, kuma ita zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.