Mun sauka lafiya: godiya ga duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, jiya Laraba da hantsi muka sauka Manchester, ni da yaran, kowa da ƙafarsa. Tafiyar kwana ɗaya ta cinye mana shida. Na ga saƙonninku jibge a waya, wasu ko buɗewa ban yi ba. Ku yi haƙuri, tun da na shigo gida na zube ban san inda kaina yake ba sai asubar yau, ita ma Auta ne ya tashe ni da kuka.

Ba sai na maimaita ba, da ku aka yi komai: hazon da ya rufe Kano har aka soke tashinmu zuwa Abuja sau biyu, da yadda muka kama hanyar mota. Hajiya ta ce ko kusa ba za mu hau jirgin ƙasa a Rigasa ba, ita tun harin watan Maris na 2022 ta cire shi daga ranta. Allah Ya saka wa Kawuna na Zariya da alheri. Mutumin da ciwon baya ya sa yake sallah a zaune, shi ya karɓi sitiyari daga Kwangila bai sauka ba sai bakin filin jirgi. Da muka doshi Kateri motar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar carbi.

Abin da ya faru a Abuja kuwa laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Na sabunta fasfo a wannan zuwan, na manta cewa tun ƙarshen 2024 katin zaman Ingila ya daina aiki, izinin ya koma intanet, kuma da lambar fasfo yake tafiya. Ban shigar da sabuwar lambar ba. Yarinyar da ke kantar tantance fasinjoji ta danna ta sake dannawa, ta girgiza kai. Na ce bari in shiga in gyara, sai aka ce an tura lambar sirri zuwa layina na Ingila, layin kuwa yana cikin tsohuwar waya a durowar ɗakina a Manchester. Baban yara yana wurin aiki, wayarsa a kulle a loka. Ina tsaye ina kira ba a ɗauka har aka rufe kantar, ina kallo aka jawo mana akwatunanmu gefe.

Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Auta ya yi zafi rau yana tsala ihu, Yayarsa ta riƙe min gefen hijabi tana tambaya ko an kore mu ne. Ranar Litinin ya kamata in koma aiki, kuɗin hannuna kuma biki ya lashe. Mutane suna wucewa suna kewaye mu da kekunan kayansu, ni kuma kunya da tsoro sun haɗu sun tokare min maƙogwaro.

Sai wata dattijuwa mai goge ƙasa ta jingine sandarta da bango ta nufo ni. Da sarƙar gicciye a wuyanta, Hausarta irin ta mutanen kudancin Kaduna. Ba ta tambaye ni me ya faru ba. Cewa kawai ta yi, "Kawo shi, 'yata." Ta buɗe ledarta ta ciro zani, ta ɗora Auta a baya ta ɗaure tam, ta ɗauki sandarta ta ci gaba da aiki tana jijjiga shi. Yaron da ya ƙi kowa tun daga Kano, har da Hajiya, kafin ta kai ƙarshen layin kujeru ya yi barci. Ta dawo ta miƙa wa Yayarsa biskit, ta ce da ni, "Tashi ki wanke fuska, ki yi sallarki. Jirgi ba ɗaya ba ne." Na ce, "Mama, aikinki fa?" Ta ce aikin ba ya gudu. Kusan awa biyu yana bayanta. Da na lalubo 'yan canjin da suka rage na miƙa mata, ta ɓata rai har na ji kunyar kaina. Na sha kuka a tafiyar nan, amma na wannan lokacin daban ne.

Akwai waɗanda suka ce kada in ambace su. Ku yafe ni, ba zan iya ba. Maman 'yan biyu, maƙwabciyata 'yar Kumasi, ita ta fita cikin sanyin Janairu da makullin da na bar mata, ta lalubo wayar, ta sa caji, ta karanto min lambar da Hausarta ta Zango muna rige-rige kada ta mutu. Ƙanwar kishiyar Gwaggona da ke Lugbe, ku duba nisan zumuncin, ita ta zo da kanta cikin dare ta kwashe mu, ta bar mana gadonta kwana uku ta koma tabarma har gyaran ya fito. Matan adashenmu na nan suka sauya layin ɗiba suka ba ni kwasar wannan watan ba tare da na roƙa ba, da ita na cike kuɗin sauya tikiti. Shugabata a wurin aiki ta musanya min kwanaki. Sai wani bawan Allah ɗan Maraɗi da muka haɗu a Doha, ya ɗaukar min jakar hannu tun daga inda muka sauka har ƙofar jirginmu, nasa jirgin kuwa a wani ɓangaren yake.

Muna da dangi a Abuja, na jini, ba ɗaya ba ba biyu ba. Sati biyu da suka wuce tare muka ci shinkafar biki, har aka yi ta hotuna. Na kira, wayar ta shiga. Ƙila hidima ce ta yi yawa, Allah Ya sa haka ne. Ina dai sanar da su cewa saƙon da suka ba ni na ɗansu da ke Birmingham ya iso lafiya, kilo huɗu cif, a zo a karɓa. Saboda shi na sauke turamen atamfata biyu don kada akwati ta haura kilo 23.

Masu tambayar tsaraba kuma, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji duk sun tsallake. Kilishi da dambun nama da man shanun da Hajiya ta soya da hannunta, su na baro a Lugbe, tunda Ingila ba a shiga da nama ko kayan nono daga wajenmu, ni kuma ba ni da sauran ƙarfin wata rigimar.

Ya Allah, duk wanda ya kira, da wanda ya tura ko sisi, da wanda ya tashi cikin dare ya ambace mu a sujada, Ka biya masa buƙatunsa na duniya da lahira. Kada Ka bar 'ya'yansu a hannun wanda ba zai ji ƙansu ba. Ka jiƙan iyayensu da suka rigaye mu, Ka ƙara wa masu rai lafiya. Ka ba Kawu sauƙin bayansa. Ka kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu, yadda matafiyi zai wuce Kateri yana hira. Ka ja min kwanan Hajiya, wadda ta tsaya a zaure ta ƙi ɗago kai ta dube ni don kada in ga idonta, Ka sa in koma in same ta. Ita kuma Mama mai goge-goge, Ka sa 'ya'yanta su ɗauke mata sandar nan ta huta.

Ban tambayi sunanta ba, hankalina bai kai nan ba. Ranar da muka koma filin jirgin na duba ko'ina ban gan ta ba, aka ce ba ranar aikinta ba ce. Ɗazu ina zazzage jakar yara sai ga zaninta, ruwan ƙasa mai ɗigon fari, ashe da shi ta sauke min Auta a kan kujera. Na wanke shi, yana shanye a kan hita. Duk mai tafiya Abuja cikin watan nan ya yi min magana ta akwatin saƙo, zan ba shi zanin da ɗan abin da zan haɗa, in kuma kwatanta masa ita.